Zagayen Ƙarshe na Jirgin Idwal

Wanda ya ba da rai Shi ya karɓi abinsa, kuma dukanmu can muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Idwal Pritchard rasuwa a asibitin garin Bangor, bayan ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Ya bar matarsa Nesta, da 'yarsa Carys, da jikoki biyu, da layin dogon da ya shafe fiye da shekara talatin yana shimfiɗawa a lambun bayan gidansa.

Tegid, sakataren ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ƙasa na lambu, shi ya ce ni zan rubuta wannan a mujallar ƙungiya, tunda na fi kowa daɗewa da mamacin. Na ce masa makaranta ba ta riƙe ni ba, ni ma ban riƙe ta ba. Ya ce in rubuta yadda nake magana. To Idwal, da kai zan yi maganar, don ban saba zancenka a bayan idonka ba.

A mahaƙar dutse muka haɗu, muna samari. Ni ina tsaga dutsen rufi, kai kana tuƙa ƙaramin jirgin da ke kwashe shi zuwa gangare. Ƙurar da muka shaƙa tare ita ce ta zauna maka a ƙirji, ni ta bar ni da tari kawai, ban san dalilin wannan rabo ba. Da aka rufe mahaƙar, wasu suka koma shaye-shaye, wasu suka bar garin. Kai kuwa ka ɗauko ta ka dasa a bayan gidanka. Kan jirgi mai tsawon kamu biyu, mai tukunyar tururi ta gaske, yana cin gas yana huci. Taragu masu ɗaukar ɓarɓashin dutse. Tashoshi ƙanana, kowace da sunan wani abokin aikinmu da ya riga mu. Yaran yanzu suna karanta Tashar Meurig, suna wucewa. Ni na san Meurig, na san ranar da dutse ya danne masa ƙafa, na san kai ka goya shi har bakin hanya. Dutsen da ka yi dandamalin tasharsa da shi ma na san ramin da aka ciro shi.

Ba na manta shekarar da Gwaggo Menna, maƙwabciyarku, ta daina iya fita. Ka huda shinge, ka ja reshen layi har ƙarƙashin tagarta. Kowace safiya jirgi zai je da ƙwai guda a cikin tarago, an yi masa shimfiɗar ciyawa, ya busa usur, ta miƙo hannu ta ɗauka. Nesta ta ce maka kai wa da ƙafa ya fi sauri. Ka ce idan ka kai da ƙafa sadaka ce, tsohuwa za ta ji nauyi. Idan jirgi ya kai, kaya ne suka iso tasha. Haka aka yi har ta koma ga Allah.

Da matata Eluned ta rasu, ba ka yi mini doguwar gaisuwa ba. Ka dai riƙa zuwa kana ɗaukata ranar Lahadi wai in taya ka cire ciyawa daga layi. Wata rana ina durƙushe kusa da bishiyar tuffa sai na ga sabuwar 'yar tasha da benci, a kan bencin ga wata 'yar tsana mai shuɗin kwat irin wanda take sawa zuwa coci. Na ɗago na dube ka. Ka juya baya kana ta faman shafa wa jirgi man da ba ya buƙata. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, sai yau da na rubuta ta.

Abu ɗaya ne ya raba mu, kuma kowa a ƙungiya ya san shi: rimot. Ni a wurina direba yana bin jirginsa da ƙafa, ya sunkuya ya murɗa totur da yatsunsa, in ƙarfen ya ƙona shi ya ƙona shi. Kai kuwa tun da ka kai layi bayan ɗakin ajiya, ka ratsa tsibin duwatsu, ka gina gada a kan kududdufin kifin Nesta, sai ka sa wa jirginka rediyo mai karɓar saƙon rimot, don babu mai iya binsa ta can. Ka riƙa tsayawa a kan wani falalen dutse a bakin ƙofar kicin, rimot a hannu, kana tuƙi daga nesa.

"Direban kujera," haka nake ce maka.

"Gara ni," kake cewa. "Kai dubi yatsunka, kamar an gasa tsiran alade an manta."

Shekara da shekaru muna wannan. Ban taɓa riƙe rimot ɗinka ba, ko da wasa. Ka sha miƙo mini, na sha zura hannuwana cikin aljihu.

Bayan an ƙone gawarka kamar yadda ka yi wasiyya, Nesta ta kira ni kicin. Ta ajiye wani ƙaramin gwangwanin shayi a kan tebur, irin wanda kake zuba ƙananan kusoshi a ciki. Ta ce mafi yawan tokar za a kai maƙabarta kusa da iyayenka, amma wannan kaɗan ɗin ka ce a ɗora a tarago, jirginka ya zagaya lambu da ita sau ɗaya a gaban 'yan ƙungiya, sannan a binne ta ƙarƙashin babbar tasha. Na ce wannan daidai ne, mun yi wa wasu haka.

Ta ce, "Ya ce kai za ka tuƙa, Emlyn. Kuma da rimot."

Na ce, "Ba ya cikin hayyacinsa."

"Ras yake. Har dariya ya yi, sai da tari ya sarƙe shi."

Na ce a ba Tegid mana, shi da ya yi aikin lantarki duk rayuwarsa. Ta ce ita ba ta san Tegid a cikin wasiyya ba. Ta tura mini akwatin rimot ɗin, ta juya ta ɗora buta a wuta.

Idwal, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Bari in faɗa wa waɗanda ba su san layinka ba abin da nake tsoro. Jirgi yana barin babbar tasha, sai ya hau tudu ta bayan ɗakin ajiya, dole a buɗe masa totur sosai. A can ba a ganinsa, sai dai a ji hucinsa. Yana kai ƙololuwa dole a rage, domin daga nan gangara ce ta bayan duwatsu, kuma ƙarshen gangarar kwana ce a kan gada, ƙarƙashin gadar ruwa. In aka shiga kwanar nan da gudu, jirgi da taragu sai cikin kududdufi. Na ga hakan sau biyu da idona. Kuma jirginka, in sigina ya ɗauke, ba ya tsayawa. Yadda aka bar totur haka zai ci gaba.

Murfin gwangwanin ba ya kamawa da kyau. Na ce a naɗe shi da salatif, Nesta ta ce ba za a ɗaure mijinta kamar ƙunshin gidan waya ba. Kai kuma mutum ne da bai taɓa shiga teku ko zuwa gwiwa ba. Tun da ruwan tsohon ramin mahaƙa ya ci ƙaninka kuna yara, ko kududdufin nan ba ka so, don Nesta ka haƙa shi. Sai in riƙa ganin toka tana yawo a kan ruwa, jajayen kifayen nan suna tasowa suna buɗe baki, matarka da 'yarka suna kallo, rimot yana hannuna. In ina cin abinci in gani, in ina aski in gani.

Na riƙa zuwa lambun kullum da safe, Tegid yana koya mini. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, ko da yake na gwada haƙurin nasa. Ya sa sabbin batura, ya duba eriya, ya zaga lambun da rimot yana gwada kowane lungu. Kusa da shinge sigina yana rawa. Daga gindin tuffa ba ya kaiwa bayan ɗakin ajiya sam. Ya dawo ya ce falalen dutsen nan na bakin kicin shi ne wurin, babu na biyunsa, daga nan ne kawai saƙon yake bi ta 'yar tazarar da ke tsakanin ɗakin da duwatsu. Na duba dutsen, har ya yi santsi inda takalmanka suka saba zama. Na sa ƙafafuna a wurin. Sun fi naka girma.

Muka ɗora gwangwanin yashi a tarago muka yi ta gwaji. Na lura ashe usur ɗin da kake busawa a ƙololuwar tudu ba ado ba ne: in ka danna ka ji ya amsa, ka san jirgin yana jin ka. Na koyi hakan. Ban kayar da yashin ko sau ɗaya ba. Tegid ya ce, "Ka ga, Baba Emlyn? Ka ƙware. Je ka yi barcinka." Na ce masa lambun da muke gwaji a ciki ba shi ne lambun ranar Asabar ba. Ya ce me zai canza? Na ce ban sani ba. Gaskiya kuma ban sani ba. Jikina ne kawai ya ƙi yarda.

Ranar Asabar ɗin bayan bikin Ista aka sa. Na iso da wuri na tarar Carys da mijinta sun kafa rumfar tamfol a tsakiyar lambu, sun jera teburin shayi a ƙarƙashinta, da burodin zabibi da waina da kofuna.

Kowa ya san inda kake ajiye teburin shayi duk ranar da ka buɗe lambu ga baƙi: can bakin ƙofar waje, wuri mafi muni, inda ba a ganin gada sai an yi ɗage. Mutane sun sha ƙorafi. In wani ya ɗauki kofinsa ya taho tsakiyar ciyawa, sai ka daka masa tsawa kana dariya: "Kauce mini, jarkar ruwa mai takalmi!" Har Fasto Elfed ka taɓa gaya wa haka. Mu duka mun ɗauka rashin kunyarka ce kawai.

Na ce wa Carys tebur ba nan yake zama ba.

Ta ce, "Kawu Emlyn, an ce za a yi ruwa."

"Ko za a yi ƙanƙara, a bakin ƙofa babanki yake sa shi."

"Saboda me?"

Na ce saboda haka ake yi. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Kawu, jiya ka ce furannin ba haka Baba yake so ba, shekaranjiya ka ce waƙar da aka zaɓa ba ita ba ce. Bar mini tebur ɗina, ka ji?" Ban ga laifinta ba. Mutumin da ke musu a kan komai, ranar da musun nasa yake da amfani babu mai iya bambancewa, har shi kansa.

Jama'a suka cika lambun, 'yan ƙungiya daga nesa da kusa, da tsofaffin mahaƙa da suka rage, da maƙwabta. Fasto Elfed ya yi addu'a. Tegid ya kunna wutar jirgi, muka jira tururi ya hau. Carys ta ɗaura ɗan baƙin ƙyalle a gaban tukunya. Nesta da kanta ta sunkuya ta ajiye gwangwanin a tarago, ta gyara masa zama da yatsa kamar yadda take gyara maka kwala. Na hau falalen dutse.

Na tura sanda a hankali. Jirgi ya tashi. Ya wuce Tashar Meurig, ya wuce bencin Eluned, mutane suka cire huluna. Ya kama tudu, na buɗe masa totur, ya shige bayan ɗakin ajiya yana huci da ƙarfi.

A daidai lokacin ruwan ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa sosai. Mutanen da ke warwatse a gefen shinge suka ruga ƙarƙashin rumfa gaba ɗaya, suka cunkushe, kafaɗa da kafaɗa, tsakanina da ɗakin ajiya.

Na ji hucin jirgi ya kai ƙololuwa. Na danna usur. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Na ja sandar totur baya har ƙarshe, hucin bai ragu ba, sai ma ƙara sauri yake, don ya fara gangara. Na ɗaga rimot sama, kafaɗata ba ta barin hannuna ya wuce kunne. Na dubi gabana, babu abin da nake gani sai bayan mutane, baƙaƙen kwat a jiƙe, jere kamar katanga. Sai na ji muryarka a kunnena, da dariyar da komai: jarkar ruwa mai takalmi.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Muryar da nake kira da ita a mahaƙa in za a tashi nakiya, ita ce ta fito.

"Ku durƙusa! Kowa ya durƙusa!"

Fasto Elfed ne ya fara. Daga baya ya gaya mini ya ɗauka wata al'adar 'yan jirgi ce da bai sani ba, kuma bai so a ce shi ne ya tsaya ƙiƙam. Da aka ga Fasto a ƙasa, sai kowa ya bi. Tsofaffi masu sanda, mata da takalman coci, Tegid da kofin shayi a hannu, duk suka zube a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kawuna a sunkuye. Ta saman kawunansu na hango tazarar nan ta tsakanin ɗaki da duwatsu.

Na danna usur. Ya amsa.

Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Hucin ya faɗi nan take. Jirgi ya fito daga bayan duwatsu da sauran gudu a jikinsa, ya shiga kwana, na ga taragon ya karkata, ƙafafunsa na gefe ɗaya sun ɗaga daga kan ƙarfe. Gwangwanin ya zame ya jingina da bangon tarago. Sai taragon ya koma ya zauna. Ka haye ruwan, Idwal. Ka haye a hankali, ruwan sama yana dukan tukunya yana tashi tururi, jama'a kuma suna durƙushe a gabanka, babu mai motsi, har ka shigo babbar tasha na tsayar da kai daidai dandamali.

Sai Fasto Elfed ya ɗago kai ya ce, "Shekara ashirin ina neman Idwal ya sa gwiwa a ƙasa, yau ga shi ya sa ni." Nesta ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, Carys ta rungume ta. Tashin kuwa ya fi durƙuson wuya. Rabinmu sai da aka ɗago su, wani tsoho daga Corris ya rantse a nan zai kwana. Ni kuwa ina nan a kan dutsen, sai da Tegid ya zo ya zare rimot daga hannuna yatsa bayan yatsa. Ya tsaya yana duban rumfar, yana duban ɗakin ajiya, ya dafe goshi ya ce, "Mutane! Jikin mutum yana shanye sigina. Na sani sarai, amma ban taɓa gwadawa da taro ba." Na ce ni ma na san inda tebur yake zama, ban san dalili ba. Da an haɗa saninsa da nawa da wuri, da an sami mutum guda mai hankali.

Muka ɗaga dandamalin babbar tasha, Nesta ta sa gwangwanin a ƙasa, busasshe, ko ɗigo bai shiga ba. Na mayar da dutsen da hannuna.

Har yanzu ban manta karkatar taragon nan ba. Kuma ina da ƙorafi a kanka, abokina. Shekara talatin kana korar mutane daga tsakiyar ciyawa, me zai hana ka faɗi dalili sau ɗaya? Nesta ta ce wataƙila ka faɗa, a farkon da ka sa rediyon, amma da zarar ka ambaci rediyo nakan tashi in tafi duba kifi. Ban tuna haka ba. Ba zan yi musu da mai takaba ba.

Ta ce za a ci gaba da buɗe lambun ga baƙi kowace bazara, kuma rimot yana wurina. Na karɓa. Kada wani ya karanta wannan ya ce na sauya ra'ayi. Direba na gaske yana bin jirginsa da ƙafa, a kan haka zan mutu. Amma zan tsaya a kan dutsenka, teburin shayi kuma zai koma bakin ƙofa, kuma duk wanda ya taho tsakiyar ciyawa da kofi zai ji sunansa.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukan 'yan ƙungiya, ga Nesta, wadda ta haƙura da ƙarfe da mai a kan teburin cin abincinta fiye da shekara talatin. Ga Carys da mijinta da 'ya'yansu. Da sauran abokan mahaƙa, mu 'yan kaɗan da muka rage. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya tsare muku gidan da ya bari.

Kai kuma Idwal, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alheri a kan kowane ƙwai da ka aika ta cikin shinge, da kowane suna da ka hana a manta. Ya buɗe maka ƙirjin da ƙura ta toshe. Yadda ka haye ruwan nan lafiya muna durƙushe, Allah ya sa ka haye abin da ke gaba haka, ya saukar da kai a tasha mai kyau. Mu da muke kan tudu har yanzu, ba a ganinmu sai hucinmu, Allah ya sa in an kira mu mu amsa.

Emlyn Rowlands